Ɗamarar Easy Walk ga kare mai taurin kai

Karen da aka ɗauko daga gidan kula da yasassun dabbobi sau da yawa bai san tafiya da igiya ba, ja kawai yake kamar zai cire maka kafaɗa. Nan ɗamarar Easy Walk ta kamfanin PetSafe take da rana. Zoben igiyarta a ƙirji yake, don haka da ya fizga sai jikinsa ya juyo wajenka, ba a shaƙe masa wuya ba.

Wahalarta wajen ɗaurawa ce. Auna zagayen ƙirjinsa daga bayan ƙafafun gaba kafin ka saya. Madaurin ciki launinsa daban, kada ka saka a juye. Matse shi har sai yatsu 2 kawai ke shiga. In ya yi sako-sako, kare zai zare ƙafa ya sulale; in ya matsa hammata, zai goge fatar ta yi ja, musamman ga mai gajeren gashi.

Ita kaɗai ba ta horar da kare. Igiya na miƙewa, tsaya cak. Tana saki, ba shi guntun nama. Minti 10, sau 2 a rana. Kuna dawowa gida ka cire ta, don zai tauna madaurin.