A7 III ko A7 IV: amsa ga ɗan'uwanmu mai ɗaukar hoton biki

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana aikin biki da suna a Kano da kyamarar Sony A7 III, da lens ɗin 28-70 da ya zo tare da ita da kuma 50mm guda ɗaya. Abincinka a hoto yake, amma amare sun fara matsa maka da gajerun bidiyo, shi ya sa kake tunanin sayar da ita ka yi ciko ka ɗauki A7 IV. Na yi aiki da duka biyun, kuma ra'ayina shi ne ka dakata tukuna. Bari in ajiye maka su kusa da juna ka gani da kanka.

A7 III ta fito a 2018 kan dala 1,999, A7 IV kuma a ƙarshen 2021 kan dala 2,499. Bakin lens ɗinsu ɗaya ne, batirinsu ma ɗaya, NP-FZ100, don haka babu abin da za ka zubar cikin kayanka in ka canza.

Mu fara da hoto, tunda nan kake ci. Taka megafiksel 24 ce, sabuwar 33. A takarda tazarar da girma, amma ka duba faɗin hoton: fiksel 6000 a taka, 7008 a sabuwar. Ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Da 24 ɗin nan za ka wanke hoto mai faɗin inci 20 tas ba tare da ya fashe ba, kuma wanda ake ratayewa a falo daga nesa ake kallonsa. Sauran aikin naka ina yake ƙarewa? A WhatsApp da Instagram, inda ake matse shi har sai bambancin ya ɓace. Inda 33 ke da rana shi ne hoton taron dangi, in kana son yanko fuskar mutum ɗaya daga cikin mutum talatin. A ɗakin taro mai ƙarancin haske kuwa kusan kunnen doki suke yi. Saurin ɗauka ma haka, hoto 10 a daƙiƙa kowacce. Batiri kam tsohuwar ce gaba: a ma'aunin kamfani tana ba da hoto 710 a caji ɗaya in da allon baya kake aiki, sabuwar 580. Wanda ke fita tun ɗaurin aure da safe bai dawo ba sai an tashi daga dina ya san darajar wannan.

Fokas ne wurin da A7 IV ta fi ta a hoto, ba musu. Tana kama ido ta riƙe, ko amarya ta juya ko wata ta gifta ta gabanta, sai ta koma kanta. Taka ma tana bin ido, musamman tun sabuntawar manhajarta ta 2019, sai dai takan saki a cikin cunkoso irin na kamu, inda ƙawaye ke rufe amarya ta ko'ina. Ka duba ko ka yi wannan sabuntawar, kyauta ce, kuma na ga masu A7 III da yawa da ba su taɓa yi ba.

A bidiyo ne maganar ta canza gaba ɗaya, kuma nan nake so ka tsaya ka yi lissafi.

Na farko, A7 III ba ta bin ido a bidiyo, fuska kawai take ganewa. A7 IV tana bi. In kai kaɗai ne kake tafiya da baya a gaban ango da amarya suna shigowa, wannan kaɗai ya isa ya raba aikin da za a yaba da wanda za a dawo maka da shi.

Na biyu, launi. Taka bit 8 take ɗauka, wato matakai 256 a kowane launi. Sabuwar tana yin bit 10, matakai 1,024. Ka san yadda ɗakunan taronmu suke yanzu, fitila shuɗiya nan, ruwan hoda can, duk suna zuba a fuskar amarya. Ranar da ka zauna gyara, kana son dawo da fatarta yadda Allah ya yi ta, bidiyon bit 8 kan tsattsage, ka ga layi-layi a bango da dabbare-dabbare a kumatu. Bit 10 yana jure jan da za ka yi masa. Ga masu fata irin tamu, wadda haske kaɗan ke sauya mata kama, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ni a wurina shi ne babban dalilin sayen A7 IV.

Na uku, tsawon ɗauka. A7 III tana tsayawa da kanta in ta kusa cika minti 30, sai ka sake dannawa. A7 IV ba ta da wannan iyakar. Ga gajeren bidiyon Instagram babu ruwanka da wannan, amma in kana sa ran aikin walima ko tafsirin azumi, ka sa shi a lissafi.

Sai maganar firem, wadda masu talla ba sa yi mana bayaninta daidai da ƙasarmu. Wutarmu 50Hz ce, don haka firem 25 ko 50 a daƙiƙa ya kamata mu riƙa ɗauka, in ba haka ba fitilu su riƙa ƙyafta ido a bidiyon. A 4K firem 25, taka tana amfani da faɗin sensa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara) duka, ba yanka. Ba ta yin 4K a 50. A7 IV tana yi, amma sai ta yanke hoton ya matso ninki 1.5, wato 28mm ɗinka ya koma kamar 42mm. A ɗakin amarya da ba ka da wurin ja da baya, wannan takura ce. Kuma a wannan yanayin ne ta fi ɗaukar zafi, ka kuwa san Kano a watan Afrilu.

Akwai ƙananan abubuwa da ke daɗaɗa aiki. Allonta yana juyowa har gaba, madubin leƙawa ya fi kyau nesa ba kusa ba, ramin HDMI babba ne ba ɗan siririn nan mai saurin lalacewa ba, kuma za ka iya sa labulen shota ya rufe sensa in ka kashe ta, abin da ke rage shigar ƙura lokacin hunturu in kana canza lens.

Kuɗin bai tsaya a kan jikin kyamarar ba. Hotunan sun fi nauyi, bidiyon bit 10 kuma yana wahalar da tsohuwar kwamfuta, har ka ga tana sarƙewa a wurin gyara. Za ka buƙaci katin memori mai sauri da ƙarin wurin ajiya. Duk da dala ake shigo da su.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne lens. Wannan 28-70 buɗewarsa daga f/3.5 ne zuwa f/5.6, kuma duk yadda lambar ta ƙaru, hasken da ke shiga raguwa yake. In ka ja shi zuwa 70 a ɗakin dina, haske kaɗan yake bari ya shiga, dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, hoto ya yi yashi. Ka ɗora shi a kan A7 IV, yashin nan yana nan, sai dai ka ƙara ganinsa da kyau. Lens ɗin Tamron 28-75 mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu a wannan ƙarshen. Ka haɗa da 85mm f/1.8 don hoton amarya ita kaɗai, da fitilar Godox guda da lema, masu biki za su ga canji a aikinka na farko. Canjin jikin kyamara kuwa, a hoto, kai kaɗai za ka san ka yi shi.

Don haka ka ɗauko littafin aikinka na wata shida da suka wuce, ka ware abin da hoto ya kawo da abin da bidiyo ya kawo. In hoto ne ke riƙe da gida, lens da fitila za ka saya bana. In bidiyo ya kama hanyar kai rabi, ko kana rasa aiki saboda shi, to A7 IV ta cancanci kuɗinta. Ko a nan ma ina roƙonka kada ka sayar da A7 III. Mai aikin biki da kyamara ɗaya yana cikin haɗari, don ba a maimaita ɗaurin aure saboda kyamara ta tsaya. Ka ƙara haƙuri ka tara, sabuwar ta riƙe bidiyo, tsohuwar ta ci gaba da hoto, batir ɗaya na yi musu aiki.

In kuma ta hannu za ka saya, ka sa a duba maka adadin bugun shota, ka ɗauki hoton farar takarda a f/16 don ganin tabon sensa, sannan ka gwada ramukan kati biyun kafin ka biya.