Bwat ɗin ZF na resin don ƙaramar GT40: aiki ya yi kyau, amma a kife ya zo

Jama'a masu haɗa ƙananan motoci na ma'aunin 1/24, ga abin da na gani game da bwat ɗin resin da wani mai shago a intanet yake bugawa da injin 3D, wanda hotonsa ya yi ta yawo a tsakaninmu daga Garwa har Marwa. Akwatin giya ne mai haɗe da difaranshiyal a gida ɗaya, irin na motocin da injinsu ke bayan direba amma gaban tayoyin baya. A tallarsa ya ce samfurin 5DS-25 na kamfanin ZF ne, kuma yana shiga motar Ford GT40, yana shiga motar De Tomaso Pantera. Rabin maganar ne gaskiya.

Kyau kam akwai, ba zan ci haƙƙinsa ba. Haƙarƙarin jikin bwat ɗin sun fito tsaf, kawunan ƙusoshin murfin gefe duk da kusurwa shida-shida, layukan bugu kuwa sai an haska tocila a kaikaice ake ganinsu. Wanda ya saba da bwat ɗin roba na cikin kwali, mai rabi biyu da tabon haɗi a tsakiya, zai ji kamar kuɗinsa bai tafi a banza ba. Har sai ya gwada shi a kan shasi.

ZF ɗin da ke cikin Ford GT40 Mk I, wadda ta ci tseren Le Mans a 1968 da 1969, da wanda ke cikin De Tomaso Pantera ta 1971 'yan gida ɗaya ne, amma ba zama ɗaya suke yi ba. A GT40 sandar da ke ɗauko ƙarfi daga kuloci tana bi ta ƙarƙashin layin kardan, wato sandunan da ke kai ƙarfi daga bwat zuwa tayoyi, shi ya sa injin ya nutse ƙasa, motar da tsayinta inci 40 ne da ɗan ɗoriya ta iya rufuwa a kansa. A Pantera an kife bwat ɗin, sandar ta koma sama da layin kardan, injin ya ɗaga. Mai shagon nan zaman Pantera ya zana, ya kuma buga kwanon kuloci, wato rufin da ke haɗa injin da bwat, manne da bwat ɗin, guntu ɗaya, sannan ya liƙa sunan GT40 a talla.

Na auna da ma'aunin kulis, mai baki biyu na awon kauri: tsakanin tsakiyar kwanon kuloci da tsakiyar ramin kardan akwai kusan milimita 3, kuma kwanon ne a sama. A GT40 ya kamata kwanon ya zama a ƙasa da milimita 3 ɗin. Ke nan injin ya hau sama da kusan milimita 6, abin da a babbar mota ya haura santimita 14. Duk tsayin GT40 a 1/24 bai wuce milimita 42 zuwa 43 ba, ina za a samu wurin ɓoye 6? Bakunan kabiretocin Weber guda huɗu suna tokare murfin baya, bututun hayaƙi ba sa samun hanyar wucewa ta saman bwat. In ka ce bari ka sauke injin ya zauna daidai, sai ramukan kardan su faɗo ƙasa da cibiyar taya, kardan ya miƙe a karkace kamar ƙafar tsohon benci. Babu dabarar da ta wuce yanka.

Yankan yana son zarto mai siririn haƙori, irin na maƙeran zinari. Resin ɗin 3D ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, don haka kada wuƙa ko filaya ta kusance shi. Kafin ka yanka, ja layi da fensir a tsawon bwat ɗin sama da ƙasa don ka gane tsakiya daga baya. Yanka daidai inda kwanon kuloci ya haɗu da jikin bwat, kana jiƙa wurin da ruwa, saboda ƙurar resin ba abin shaƙa ba ce. Shimfiɗa sanfefa mai lamba 400 a kan gilashi ka goge fuskokin biyu, ka bi da 600. Zarto da guga za su cinye kusan rabin milimita, sai ka mayar da shi da fallen roba mai kaurin 0.5, in ba haka ba kardan zai matso gaba. Daga nan ka huda tsakiyar kwanon da kuma gurbin sandar a jikin bwat da ƙaramin bori na hannu mai 0.8, ka sa guntun wayar tagulla, ka juya bwat ɗin a kanta ya kife sarai, samansa ya koma ƙasa. Murfin da ke ƙasa a Pantera shi ne zai dawo sama, haka yake a GT40 ta gaskiya. Abin da ke hagu kuma ya koma dama, sai ka lura da inda sandar canza giya za ta bi, don a Mk I hannun giya yana daman direba ne.

Gam ɗin roba da muke haɗa kit da shi ba ya kama resin ko kaɗan, narkar da roba yake yi, resin kuwa ba ya narkewa. Sufa gulu ko gam mai haɗi biyu ne maganinsa. Na fi son mai haɗi biyu a nan, don yana ba da 'yan mintoci a daidaita layin fensir kafin ya kama. A zafin Maris da Afrilu na Garwa sufa gulu ba ya jiran kowa, har a cikin kwalbarsa bushewa yake yi in ba a firji aka ajiye shi ba.

Bayan wannan tiyata, gaskiya ya zauna daram, murfi ya rufu, kuma da fentin alminiyom da ɗan baƙin fenti mai ruwa-ruwa a lungunan haƙarƙarin, abin ya yi kwarjini. Na so in ce ku saya. Sai da aka zo saka kardan wani takaicin ya taso. Ramin hagu da na dama ba su kan layi ɗaya, na hagu ya tsere gaba da kusan rabin milimita. Kardan ɗin resin da ya haɗo da su kuma sun iso a lanƙwashe, suna danƙo a hannu, alamar ba a wanke su da kyau ba, ba a kuma gasa su a haske yadda ya kamata ba. Ƙunshin da ya ratso Duwala da Ngaundare a bayan mota cikin wannan rana, ba auduga ba komai, me ake jira? Wankin alkol 90 na famasi da tsohon buroshin haƙori, da ɗan shanya a hantsi, ya kashe danƙon. Ruwan zafi ya miƙar da su, amma sirara ne ƙwarai, ba su da ƙarfin riƙe komai. Gara a toshe ramukan biyu da gam mai haɗi biyu, a huda rami ɗaya ya ratsa daga gefe zuwa gefe, a zura allurar sirinji 18G, mai gindi ruwan hoda, a yanke tsininta. Kaurinta milimita 1.27 ne, wato kusan santimita 3 a babbar mota, kuma ba ta lanƙwashewa.

Da na rubuta wa mai shagon, amsarsa ita ce ZF duk ZF ne. Wannan ta fi komai ɓata mini rai, bayan kuɗin aike da na duwan, wato kwastan, da kun san yadda suke, sun ma fi kuɗin kayan.

Masu tunanin ciro bwat daga wani kit su kula da ma'auni. Na 1/25 ya gaza na 1/24 da kashi 4 cikin 100, kwanon kuloci zai bar ɗan mataki a bayan injin, amma ana iya ɓoye shi. Na motocin Formula 1 masu 1/20 ya ɗara da kashi 20, ba ya shiga. Na Porsche 911 kuma na injin da ke bayan taya ne, shi ma sai an juya shi. In GT40 Mk II ta 1966 mai injin lita 7 kake haɗawa, ZF ba nata ba ne sam, T-44 na Kar Kraft mai giya huɗu take so.

Mai haɗa Pantera ya saya, zai shiga masa ba yanka, sai dai ya sake ramukan kardan. Mai GT40 kuwa kada ya biya sai an aiko masa hoton gefe da ma'auni uku: daga fuskar kwanon kuloci zuwa tsakiyar kardan, faɗin bwat daga rami zuwa rami, da ko sandar kuloci tana sama ko ƙasa da kardan. Ni dai na biyun da na yi niyyar saya na fasa, sai ranar da ya raba kwanon da bwat ɗin.