Shagon maganin Hajiyar Nkawkaw a Nima: akwai tsada, amma ta san inda kowace saiwa ta fito

Masu tambayata inda nake sayo wa tsohuwata saiwoyi da ɓawon itace, to ga amsa a wuri ɗaya don na gaji da tura voice. Wani ɗan shago ne a cikin lungu bayan kasuwar Nima a nan Accra ta Ghana, ba allo ba komai, wata Hajiya ce mai shi, haifaffiyar zangon Nkawkaw a gindin duwatsun Kwahu, tana jin Twi, yaren mutanen can, fiye da yadda nake jin Hausa. Tun farko in faɗa muku, kayanta sun fi na Timber Market, kasuwar da ake sayar da magungunan gargajiya, tsada, wani abin ma kusan ninki biyu, kuma sau tari za ka sha trotro, wato motar haya, ka je ta ce maka babu. Duk da haka wurinta nake zuwa.

Dalili, matar nan ba ta sayen kaya a buhu daga hannun wanda ba ta sani ba. Masu kawo mata mutanen ƙauyukan kan dutse ne, wasu daga Kwahu wasu daga Akuapem can wajen su Aburi da Mampong, kuma tun zamanin mahaifinta suke hulɗa. Ka ɗauki ɓawon itacen da suke kira nyamedua ko na maɗacin kurmi a shagonta ka duba, dogo ne siriri, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Na ce mata Mma me ya sa naki ƙanana ne, na kasuwa kuwa sai ka ga falle guda ya naɗe har ya kusa haɗe baki? Ta ce ɗana wancan da ka gani gawa ce ka saya. Kuma gaskiyarta, abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawon nan yake sauka zuwa saiwa, in aka zagaye itace aka saɓule shi duka to an yanke masa hanya, sai ya bushe a tsaye. Mutanenta gefe biyu kawai suke ɓara, gabas da yamma, su shafa laka a ciwon, ba za su koma kan itacen ba sai ya haɗe. In saiwa ce su yanki ta gefe su bar uwar su mai da ƙasa. Ku kalli itatuwan maɗacin da ke bakin titi a garin nan yadda masu haɗa bitas, jiƙon nan mai ɗaci, suka mai da su, za ku gane abin da take nufi.

Abin da ya fi burge ni shi ne nibima, wanda namu ke cewa gangamau, saiwar nan ta zazzaɓin cizon sauro. In ka karya ta cikinta rawaya ne shar, ɗaci kuwa sai ka manta sunanka. Matsalar nibima ita ce saiwar ake so, don haka duk wanda ya je daji ya tumɓuke ya kashe tsiron ke nan gaba ɗaya, ga kamfanonin maganin kwalba suna nema da yawa, shi ya sa masu nema suke ta ƙara nisa cikin daji. Nata kuwa shukawa ake yi, wasu mata a Akuapem ne ke nomawa, suna kafa masa sanda ya hau kamar doya, sai ya ƙosa a tona. In ba lokacinsa ba ne ko ka yi kuka ba za ta ba ka ba, cewa za ta yi ka dawo. Kuma ba tatsuniya ba ce maganar nibima, cibiyar binciken maganin itatuwa da ke Mampong Akuapem, wadda aka kafa a 1975 da ƙoƙarin Dakta Oku Ampofo, ta daɗe tana aiki a kansa. Shi mutumin likitan asibiti ne cikakke amma ya zauna da masu maganin gargajiya na kan dutsen ya koya a wurinsu, bai raina su ba.

Akwai wani abu da ta faɗa min da na daɗe ina juyawa. Mutanen can suna da ranakun da ba a shiga daji ko gona, a wurare da dama Alhamis ce saboda Asaase Yaa, abar bautarsu ta ƙasa, suna kuma da kurmin da ba a sare ko reshe a ciki. Ni Musulmi ne ita ma Hajiya ce, ba ruwanmu da wannan imanin, amma fa dole mutum ya faɗi gaskiya, dokar ta sa daji yana hutawa, kuma ta ce wasu itatuwan yanzu sai a gefen irin wannan kurmin ake samun irinsu. Yaran da suka taso kuwa duk sun gangaro Accra da Kumasi, mai okada mai sayar da waya, tsoffin da suka san wane ganye ake tsinka kafin rana ta fito suna tafiya ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya rubuta komai. Ga galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba. Dajin Atewa wajen Kyebi, wanda aka killace tun 1926, daga nan kogin Densu da Birim da Ayensu suke tasowa, Densu ɗin nan shi ke cika dam ɗin Weija da rabin garin nan ke sha, amma masu haƙar zinare na cin gefensa ga kuma maganar haƙar bauxite, ma'adinin da ake yin alminiyum da shi, da aka daɗe ana ja-in-ja a kai. To in dutsen ya tafi ina za a samo saiwar?

Yanzu aibu, don akwai su. Na ɗaya ba ta rubuta komai a jikin ƙulli, a tsohuwar jarida take naɗe maka ta ɗaure da roba, in ka sayi kala uku ka isa gida sai ka rasa wanne ne wanne, ni yanzu da biro nake zuwa. Awon ma na baki ne, “dafa a tukunya, sha rabin kofi safe da yamma”, to wane kofi Mma? Na gidanmu ko na gidanku? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don itace ma in ya yi yawa yana taɓa hanta da ƙoda. Tun 2000 aka yi dokar da ta kafa hukumar kula da masu maganin gargajiya, jami'ar KNUST ta Kumasi kuma tun 2001 take koyar da ɗalibai a fannin maganin itatuwa, ya kamata a ce irin su Hajiya sun samu ko yaro ɗaya cikin waɗannan ya zauna da su ya daidaita awo ya rubuta. Sai jira, wallahi in wata ƙawarta ta riga ka sai an gama labarin suna da biki tukun. Momo ɗinta ma, wato asusun karɓar kuɗi ta waya, a wayar jikanta yake, in ya tafi makaranta sai tsabar kuɗi.

Amma na ba ta maki a nan: in ka ce zazzaɓi, tambayar farko ita ce ka yi gwajin jini? Mai ciki da ƙaramin yaro ba ta ba su nibima sam, kai tsaye take kora su asibiti, haka mai shan ƙwayar hawan jini ko suga ba ta cewa ya daina. Ba irin masu sifika a tasha ba ne da kwalba ɗaya ke maganin cuta arba'in.

Kayan ƙanshi irin su prekese da kimba da kanumfari nata ma masu kyau ne, busassu ba fumfuna, amma waɗannan kam ba sai ka biya kuɗinta ba, ko'ina ka samu. Saiwa da ɓawo ne abin zuwa. Kada ku je ran Laraba, ranar kasuwa ce lungun ba ya shiguwa, ku bari sai Alhamis da hantsi kuma ku riƙe takardar gwajinku.