Mai gyaran da ya ta da rediyon kakana

Shekara uku ke nan da rasuwar kakanmu, Allah ya jiƙansa. Da aka zo kwashe kayan ɗakinsa, rediyon kawai na roƙi a bar mini. National Panasonic ne, baƙi, mai cin manyan batir huɗu, an ɗaure murfin bayansa da robar tayar keke tun kafin a haife ni. Na kawo shi gida ya ƙi ko tari. Sai a watan jiya wata maƙwabciya ta kwatanta mini wani dattijo mai gyara a wata 'yar rumfa kusa da Kasuwar Sabon Gari a nan Kano.

Rumfar ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba, gawarwakin rediyo jibge har rufi. Yana ganin abin da na ciro daga jaka ya gyara zaman tabarau ya ce, "Hajiya, wannan ai ya girme ki." Na ce ƙwarai, Baba, kishiyata ce ma. Don kuwa kakan nawa, Alhaji Tsoho, amaryarsa yake ce mini, amma da ƙarfe takwas da rabi na dare ta yi, BBC ta buɗe, amarya ba ta da sauran daraja. Ko ruwa ka kawo sai ya ɗaga maka hannu. Yakan yi alfahari da cewa shi da sashen Hausa na BBC tare suka fara aiki a 1957, su a Landan, shi a kantin kwari na wani Bakwaren Siriya... to, wannan labarin kullum sauyawa yake, wata rana kantin ne, wata rana awon gyaɗa.

A gabana mai gyaran ya kwance shi. Abin da ya fito daga ciki: busasshen ɓarin goro, mataccen kyankyaso, da wata takarda da aka ninke aka cusa don ta matse batir. Ya nuna mini inda ruwan batir ya zubo ya cinye ƙarfen, ya yi kore shar. Ban yi mamaki ba. Kakana bai taɓa yarda batir ya mutu ba. In ya yi sanyi sai ya jera su a kan katanga su sha rana, wai su ma hutu suke so, ya mayar da su da magariba. Zaren da ke jan allurar tasha ma ya tsinke, shi ya sa ko ka murɗa ba ta motsi. Ita ma allurar ba ta san yawo da yawa ba: daga Landan sai Kaduna a mita 49, sai Muryar Amurka in yana neman wanda zai yi wa gardama. Da bakinsa yake mayar wa mai karanta labarai martani, "Kai dai faɗi gaskiya, yaro!"

Aikin dai ya yi kyau. Ya kankare tsatsar, ya liƙe wayoyin da dalma, ya sa sabon zare, ya wanke maɓallin ƙara murya har ya daina ƙarar nan ta ƙwar-ƙwar. Naira dubu huɗu ya karɓa, kuma bai ƙirƙiro mini wata cutar da babu ita ba. Inda ya gaza shi ne alkawari: ya ce jibi, sai da na yi sawu uku a mako biyu. In za ku kai masa, ku tafi da haƙuri, kuma kada ku je ranar Juma'a.

Sai kuma ɗan saɓanin da muka yi. Don ya burge ni, ya samo murfi mai kyau daga wani mataccen rediyo ya sa, ya yar da robar. Na ce ina robata? Ya dube ni kamar na zautu, amma ya duƙa cikin tarkacen ƙarƙashin tebur ya laluɓo ta, ya kaɗe ƙura, ya mayar da ita yadda take, bai ce uffan ba.

Daren nan na sa sababbin batir masu kan damisa, na ja eriya, na jira takwas da rabi. Mai gabatarwa ya yi sallama, na ji bakina ya amsa masa da ƙarfi, har maigidana ya leƙo yana tambaya wane baƙo muka yi.