Gargaɗi kan masu sayar da "gyaran" takardar shaidar tsaro a manhajojin lissafi

Ina jan hankalin ɗalibai da malaman lissafi, injiniyanci da ƙididdiga game da wasu mutane da ke kutsawa zaurukan WhatsApp da Telegram, suna tallar cewa suna gyara matsalar takardar shaidar tsaro a MATLAB, Mathematica, R, SageMath da Python. Fako suke yi, da zarar wani ya saka hoton allonsa yana neman taimako, musamman a lokacin da ake rububin kammala aikin ƙarshen karatu, sai su bi shi ta saƙon sirri, su karɓi 'yan dubban naira, su kuma karɓe abin da ya fi kuɗin daraja.

Duk lokacin da manhaja za ta sauko da wani ƙari ko ta tabbatar da lasisi, sai ta nemi sabar da take magana da ita, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta nuna takardar shaida, sannan ta duba ko wata hukumar da aka amince da ita ce ta sa mata hannu, da kuma ko wa'adinta bai ƙare ba. Idan wani abu bai daidaita ba, sai ta tsaya ta rubuto CERTIFICATE_VERIFY_FAILED ko makamancinsa. Wannan mai gadi ne ya ƙi buɗe ƙofa, kuma yawanci dalilinsa ƙarami ne. Kwamfutocin da aka taɓa amfani da su waɗanda yawancinmu muke saye sukan zo da mataccen ƙaramin batirin da ke riƙe agogo, sai kwanan wata ya koma shekarun baya, takarda mai kyau ta zama kamar lokacinta bai zo ba. Wani lokaci jerin hukumomin da ke cikin na'urar ne ya tsufa, kamar yadda ya faru ranar 30 ga Satumba, 2021, lokacin da wa'adin tsohuwar takardar DST Root CA X3, wadda Let's Encrypt, wata hukumar bayar da takardun shaida, ta daɗe tana dogaro da ita, ya ƙare, tsofaffin na'urori da dama suka kasa haɗuwa da shafukan da ba su da wani aibi. Mai Python a Mac kuwa, sau da yawa bai taɓa danna fayil ɗin Install Certificates da ke zuwa tare da manhajar ba. Gyara agogo, sabunta na'ura, ko sauya Wi-Fi ɗin da ke neman a fara shiga shafinsa, duk kyauta ne.

Macucin ba zai faɗa maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Zai turo maka wani fayil mai ƙarewa da .crt ko .pem, ya ce ka saka shi cikin amintattun takardun tushe na Windows, ko ya ce ka sauko da AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ka ba shi lambar ya yi maka da kansa. Kana kallo linzami yana yawo a allonka, jan rubutun ya ɓace, ka yi godiya har da addu'a. Alhali abin da ya yi shi ne ya sa kwamfutarka ta amince da duk takardar da shi ya sa wa hannu, kuma idan ya haɗa da karkatar da hanyar intanet ɗinka ta cikin tasa sabar, zai iya karanta kalmar sirrin imel ɗinka da ta banki ba tare da wani gargaɗi ya fito ba. Ba tsoratarwa nake yi ba. A 2015 an gano cewa wasu kwamfutocin Lenovo sun zo da manhajar Superfish wadda ta dasa irin wannan takarda, masu bincike suka fasa makullinta cikin ɗan lokaci, har kamfanin ya fitar da hanyar cire ta.

Akwai kuma waɗanda ke koya wa mutum ya rubuta verify=False ko ya kashe binciken gaba ɗaya, da masu haɗawa da tayin lasisin MATLAB mai arha bisa sharaɗin a kashe rigakafin ƙwayoyin cutar kwamfuta. Wanda bai da kuɗin lasisi, GNU Octave da SageMath da R kyauta ne daga shafukansu na asali, kuma yana da kyau ɗalibi ya tambaya ko makarantarsa tana da lasisin bai-ɗaya. Hali ɗaya ne na yarda a karɓi takarda daga hannun wani, wato idan sashen kula da kwamfutoci na makaranta ko ma'aikata ne ya bayar, a ofishinsu, ido da ido.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu ya cire kwamfutar daga intanet nan take, ya goge AnyDesk, ya buɗe certmgr.msc, wato ma'ajiyar takardun shaida ta Windows, ya cire takardar da aka saka masa, ya duba saitin hanyar intanet ko an sauya shi. Ya canza kalmomin sirrinsa daga wata na'urar daban, ya sanar da bankinsa, ya kuma gaya wa shugaban zauren domin a fitar da mutumin. Idan har an ba shi damar sarrafa kwamfutar daga nesa, shawarata ita ce a kwashe takardun aiki, a sake ɗora Windows daga farko.