Gashin ƙashi a gida ga mai cutar Parkinson: yadda muka gani a jikin Baba

Duk mai jinyar cutar Parkinson a Kano, shawarata ya haɗa magani da gashin ƙashi tun da wuri. Likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano ne ya gano ciwon mahaifinmu, ya ɗora shi kan wani magani mai suna levodopa. Ya gaya mana gaskiya cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa sannu a hankali, ciwon ba ya warkewa, sai dai a sassauta shi. Rawar hannu ta ragu da maganin, amma tafiya ta gagara. Baba zai iso bakin ƙofa, ƙafa ta kafe kamar an dasa ta.

Sai muka ɗauki mai gashin ƙashi daga wata cibiya mai zaman kanta, yana zuwa gidanmu a Gwammaja. Bai zo da wata na'ura ba. Alli ya ɗauka ya ja layuka a simintin tsakar gida, ya ce, "Baba, ku tsallake wannan, sannan wancan," yana ƙirga masa ɗaya, biyu. Wallahi ƙafar nan ta ɗaga. Ya ce tafiyar da jiki ke yi da kansa ce ta samu matsala, amma idan ido ya ga layi ko kunne ya ji ƙirga, ƙwaƙwalwa kan bi ta wata hanya. Ya koya masa juyawa da faɗi, da matsowa bakin kujera kafin ya miƙe. Ya sa muka kwashe tabarmi daga hanya, muka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Yanzu Baba yana alwala da kansa, kuma wannan ya fi komai faranta masa rai.

Ƙorafina shi ne makara. Atisayen ya fi amfani lokacin da magani ke aiki a jiki, to idan ma'aikacin ya makara, jikin Baba ya riga ya sandare, a sha wahala a banza. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, kuma cibiyar ba ta da mai koyar da magana, alhali muryar Baba sai ƙara ƙasa take yi. Idan za ku ɗauka, ku tsayar da lokacin zuwa daidai da lokacin da magani ke aiki a jiki tun ranar farko, kuma wani ɗan gida ya tsaya ya koyi atisayen don ranakun da ma'aikacin ba ya zuwa.