Sati shida Baba na shan doxycycline, ga abin da na gani

Baba ya daɗe yana noma a bakin kogi can wajen Gashaka, inda baƙin ƙudan nan mai kawo makantar rafi yake cizo ba ji ba gani. Duk shekara yana shan Mectizan, maganin tsutsar da cizon ƙudan ke sa wa mutum, masu rabo su zo da sandarsu su auna tsayinsa su ƙirga mai ƙwayoyi, ƙaiƙayin ya lafa na 'yan watanni sai ya dawo, ga ido kullum jajir yana zubar da hawaye, ko fitowa rana ba ya so.

Da muka kai shi asibitin ido a Kaduna likita ta rubuta doxycycline 100mg kullum har sati 6, ni kam na ce a raina wannan ba shi muke saya a kemis ba, me ya haɗa antibayotik da tsutsa? Ashe Mectizan 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar tana nan kwance cikin ƙullutun da ke fitowa a ƙarƙashin fata, tana iya wuce shekara 10 tana haihuwa. To akwai wata ƙwayar bakteriya a cikinta, Wolbachia, da ba ta iya rayuwa sai da ita, ita doxy ɗin ke kashewa, uwar ta daina haihuwa ta mutu a hankali.

Wahalar shan ne dai. Satin farko ya haɗiya da kurɓi ɗaya na ruwa ya kwanta, wallahi daren nan ƙirjinsa kamar an zuba barkono, daga nan muka koma kofi cike kuma ya zauna tukuna. Sai rigimar fura da nono, don nono yana rage ƙarfin maganin, dole a bar awa biyu tsakani. "Kai yaro, furata ce za ka hana ni?" kullum sai mun yi wannan, Inna na gefe tana dariya. Kuma mai ciki da yaro ƙasa da shekara 8 ba a ba su, kar wani ya saya ya raba wa gida.

Yanzu wata bakwai kenan, jan idon ya ragu sosai, ya daina susa har ya ji wa kansa ciwo, Mectizan ma an ce ya ci gaba da sha. Amma idon hagu da ya riga ya dushe bai dawo ba, likitar dama ta faɗa mana tun ranar farko, Baba ne kawai bai yarda ba, har yau da safe sai ya rufe na dama da tafin hannu ya gwada.